Sanda Huɗu Sun Isa

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Da sandar caji ɗaya muka shiga Hadejia yau, ita ma tana ƙyaftawa. Wata bakwai da suka wuce, da na sayar da bijimina na ƙarshe na sayi babur ɗin nan mai caji, da sanda uku cikin biyar nake isowa, har in yi wa masu layin fetur murmushi. Hanyar ba ta ƙara tsawo ba, kilomita ashirin da biyu ce tun ina yaro. Mairam kuwa ramewa take yi, balle in ce nauyinta ne. To ina ƙarfin batirin yake tafiya?

Wankin ƙodarta Litinin da Alhamis ne, ƙarfe tara. Injinan kaɗan ne, marasa lafiya da yawa, wanda ya makara sai a ɗora na bayansa. Ban ga laifinsu ba. Mota ba ta shigowa garinmu sai ranar kasuwa. Babur ɗin nan shi ne numfashin matata, kuma ina jin tsoro.

Talata, 8 ga Afrilu

Ba wanda zai ce ba na kula da babur ɗin nan. Da an ɗora ta a kan inji nake tsallaka titi wajen mai cajin waya, in jona shi a janaretonsa tun yana huci. Har sabuwar caja na saya a kasuwa, mai cika shi a awa ɗaya da rabi. Tasa ta asali, mai jan jikin nan, tana cikin akwati. A gida kuma yana sito na firamaren da na koyar shekara talatin da ɗaya, a jone da solar makaranta tun yammacin Alhamis har safiyar Litinin. Ko minti ɗaya ba ya kwana da yunwa.

Haka Baffa ya koya mini da shanu. Ba ka tayar da saniya daga mashaya sai ta ɗaga kai da kanta.

Tun da zafin bazara ya shigo kuma nake jiƙa buhun algarara in naɗe batirin da shi, kamar jarkar ruwan sha. Wannan dabarata ce, ba wanda ya faɗa mini.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ina tsugune wajen mai caji ina yayyafa wa buhun ruwa sai na ji an ce, "Malam Sa'idu, barka da rana." Wani ƙato da furfura a gemu. Abdulfattah ne, wai. Abdulfattah da ya yi aji huɗu sau biyu a hannuna, wanda na karya tsumagiya ta fi goma a bayansa, na kuma kira shi daƙiƙi a gaban 'yan aji. Yanzu yana da shagon gyaran sola a bayan tasha.

Ya gaishe ni har ƙasa, ya yi wa Mairam addu'a, sannan ya ɗaga bakin buhun da yatsa.

"Malam, wa ya ce ka sa masa wannan? Kuma cajar nan ai ba tasa ba ce."

Na ce masa lokacin da nake koyar da kimiyya shi sunansa ma bai iya rubutawa ba. Ya ce haka ne, Malam, ya kwatanta mini shagonsa ya tafi. Da ya mayar mini da magana da ta fi mini sauƙi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ƙaramar gorar ruwa ɗaya aka ƙayyade wa Mairam a wuni, a wannan zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Da azahar ta ƙare. Da la'asar ta ce, "Malam, ko rabin moɗa." Leɓenta ya tsattsage. Na cika moɗar daga randa na ba ta, na juya baya don kar in ga kaina.

Shekara talatin da huɗu tana ɗebo mini ruwa. Ni zan hana ta?

Alhamis, 17 ga Afrilu

A ƙofar asibiti babur ya ɗauke. Nas ta auna Mairam, ta ƙaru da kilo uku tun Litinin. Ta kalle ni, na kalli silin.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ya mutu a tsakiyar fadama.

Da sanda biyar muka fito, na gani da idona. Kafin mu wuce gonakin shinkafa ya koma uku, daga uku ya faɗo ɗaya, a yashin nan da ke bayan ƙaramar gada ya yi tsit. Ciyawar kacala hagu, kacala dama, ta fi ni tsawo, ko iska ba ta ratsa ta. Na zaunar da Mairam a gindin wata giyayya, na yi ta murɗa makulli ina bismillah kamar hakan zai tashe shi. Na buɗe buhun, batirin ya ƙona mini hannu.

Sai wajen sha ɗaya wani mai amalanken shanu ya zo da buhunan shinkafa. Ya ɗora mu, har da babur. Ni da na raba shanuna da fadamar nan don in sayi abin zamani, shanun wani ne suka kai matata asibiti. Mairam ta ce, "Ka ga waɗannan ba a jona su." Tana haki tana tsokanata.

Ƙarfe ɗaya saura muka isa. An ɗora wani. Suka ce sai Alhamis, kuma don Allah a kula da ruwa. Na fita bayan gini na yi kuka, dattijo da ni.

Da la'asar muka lallaɓo gida, rabi a kai rabi ina turawa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ba ta iya kwanciya. Da ta miƙe sai numfashi ya tsaya mata a wuya. Na jingina ta da buhun gero, tun hantsi take zaune a haka. Ƙafafunta sun kumbura, in na danna yatsa ramin ba ya komawa. Na kira Adila, 'yarmu da ke aure a Kafin Hausa, jego take yi, sai na kasa faɗa mata. Na ce muna lafiya, ya jariri.

Ya Allah, kilomita ashirin da biyu kawai. Ban roƙi ashirin da uku ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ana sallame asuba muka fita. Duk inda yashi yake na sauka na tura tana kai, ta rungume kan babur. Ƙarfe tara saura kwata muka shiga, rigata kamar an tsoma ta a kogi.

Sun ɗora ta, sun ce za su riƙe ta zuwa Litinin. Nas ɗin ta ja ni gefe, yarinyar da ba ta wuce sa'ar jikata ba.

"Baba, ba fashin Litinin kaɗai ba ne. Ruwan da kake ba ta a ɓoye shi ke taruwa a ƙirjinta. Tausayin nan naka zai kashe ta."

 

Na fito, na tsallaka titi, na tsaya a gaban mai caji da cajar kasuwa a hannuna. Ban jona ba. Na tura babur ɗin har bayan tasha. Sau biyu ina wuce shagon kamar wani wuri za ni.

Juma'a, 25 ga Afrilu

A bencin asibiti na kwana, don haka sai yau nake rubuta abin da ya faru.

Abdulfattah bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya ba ni kujera, ya kwance murfin batirin a gabana. Ciki duk tsatsa, wayoyin sun yi kore, ruwan buhuna ya daɗe yana shiga ta gefen soket. Ashe ƙananan batura ne jere a ciki kamar ƙwai a kwali. Layi guda ya kumbura.

"Malam, Allah ne ya tsare. Irin wannan wuta yake kamawa, kuma Inna a kansa take zaune."



Na tambaye shi ko zai dawo kamar sabo. Ya ce a'a. Zai canza layin da ya kumbura da wayoyin, amma sauran sun riga sun gaji, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa wanda ya rage. Kusan kalmomin da likita ya faɗa mini a kan ƙodar Mairam ranar farko ke nan. Na ce ya ci gaba.

Ya ce zafi ne babban maƙiyinsa, amma inuwa yake so ba ruwa ba. In na iso kar in jona sai ya huce, ko da awa guda ce, in taɓa shi da bayan hannu tukuna. Cajar kasuwa ɗura take yi masa, janareton mai caji kuma wutarsa hawa da sauka take, in kawo shi shagonsa a sa masa tasa ta asali a sola, awa huɗun da Inna take kan inji sun ishe shi. Kar in bari ya ƙare ƙarƙaf. Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe: wai in ya kai sanda huɗu in zare, kuma in daina barinsa kwana huɗu a cike a ƙarƙashin kwanon sito.

Na ce, "Ka ce in bar shi da yunwa?"

Ya ce, "Ba saniya ba ce, Malam. Wannan bai san ya ɗaga kai ba. Kai za ka ɗaga masa."

Sannan ya ce in maimaita masa daga farko. Ni! Na maimaita, na tsallake maganar hucewa, ya ce saura ɗaya. Na sake.

Asabar, 26 ga Afrilu

Wuni na yi a shagon ina miƙa masa sukurdireba. Hannunsa ba ya kuskure. Can na daure na ce, "Abdulfattah, bulalar nan ta aji huɗu..."

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Haruffa ne suke yi mini rawa a allo, Malam. Har yau suna yi. Waya ce ba ta rawa."

Shekara biyu yaron nan yana gabana ban taɓa tambayarsa me yake gani ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

An sallame ta bayan wanki. Mun iso gida da sanda biyu.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na ciro cajar asali daga akwati. Na fitar da babur daga sito na kai shi ƙarƙashin darbejiyar makaranta, na jawo waya ta taga. Na zauna ina gadinsa. Da sanda ta huɗu ta kama sai hannuna ya ƙi zuwa. Gobe Alhamis, fadama tana nan, kacala tana nan, in wannan sandar ce za ta raba mu da asibiti fa? Na kai minti goma ina kallon soket. Na zare.

Wannan mai sauƙi ne ashe.

Da la'asar gorarta ta ƙare. Ta ce, "Malam, rabin moɗa." Na ce a'a. Ta ce ko kurɓi ɗaya, don darajar iyayena. Na ce a'a, Mairam. Na jiƙa tsumma na goga mata a leɓe kamar yadda nas ta nuna mini. Ta ture hannuna.

"Ban san haka zuciyarka take ba," ta ce, ta juya fuska bango.

Na ɗauke moɗar daga kan randa na sa a aljihun babbar rigata, na fita zaure na zauna da ita har magariba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin na tsani kaina irin na yau ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Sanda biyu a ƙofar asibiti. Ba ta yi mini magana ba duk hanya.

Litinin, 12 ga Mayu

Kilo ɗaya da 'yan kai ta ƙaru tun Alhamis. Nas ta sake duba ma'auni, ta ce, "Baba, wa ya shirye ka?" Na ce ta yi aikinta.

Kwana huɗu ke nan Mairam tana kwanciya a miƙe, buhun gero ya koma rumbu. Har yanzu takan roƙa da la'asar, har yanzu ina cewa a'a, kuma bai daina ciwo ba. Ba warkewa take yi ba, na sani. Amma yau da muka zo yashin bayan gada, inda ya taɓa mutuwa, sai na ji ta kama gefen rigata ta ce, "Sanda nawa?" Na ce uku. Ta ce, "To a hankali, mai rowa." Ba ta saki rigar ba har Hadejia.

Buhun algarara yana jikin jarka, inda ya dace da shi. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, in ruwa ya sauka hanyar fadama za ta yanke, sai mun zagaya, ƙarin kilomita tara. Malam ya ce ranar da za mu zagaya kaɗai zan cika shi biyar, da safen nan, kuma in duba iskar taya.

Abdulfattah nake nufi. Da biro na rubuta, ba ya goguwa.