Kada Kowa Ya Shiga Ajin Farko

Ku tsaya, don Allah ku saurare ni yanzu, ba anjima ba. Direba, kashe motar nan. Amarya, ke matar ɗana, ajiye tsintsiya ki ɗauki biro, duk abin da ya fito bakina ki rubuta shi yadda ya fito, kada ki gyara mini. Ban taɓa yin wannan aiki ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Sakatare ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, ni ce babba da ta rage. To, sa hannu mu fara.

Cikin alhini da karayar zuciya, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Gidauniyar Benci, mai tallafa wa makarantun gwamnati na unguwanninmu, tana sanar da iyayen yara, da malamai maza da mata, da shugabannin makarantu masu daraja, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencinmu, cewa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, Shugabanta, Jagoranta, Uban Makarantu, wanda babba da yaro ke kira Baba Kafinta. Jiya da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a bakin kasuwar katako, da abin awonsa a aljihu, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. An yi masa sutura da la'asar.

Wanda bai san mafarin abin ba, ya sani yau. Lokacin 'ya'yanmu a ƙasa suke zama, su dawo gida da ƙura har kunne. Marigayi ya harhaɗa guntayen katako ya yi wa 'yarsa benci, ya ɗauka a ka ya kai makaranta. Malamar ajin ta ce masa, ko dai kowa ya samu, ko ka koma da abinka. Bai koma da shi ba. Ya bi mu gida gida, mu iyaye mata, ya ce duk mai tsohuwar ƙofa ko karyayyen gado ta kawo. Ni gadon aurena na bayar, mijina ya yi wata bai yi mini magana ba. Daga wannan benci Gidauniya ta samu sunanta. Daga benci muka koma allo da alli, muka koma kwanon rufi, muka haƙa rijiya, muka yi wa 'yan mata banɗakinsu daban, wanda rashinsa ya sa da yawa suke barin karatu in sun fara girma. Yaron da ba ya ganin allo, mun kai shi an auna masa tabarau. Direban nan da ke tsaye yana share ido, a bencinmu ya yi barcinsa har ya gama firamare.

Marigayi, Allah ya jiƙansa, yana da doka guda da ya ɗora mu a kai, kuma mun riƙe ta da gaskiya: ba a tona asirin makaranta. In ya ga bango ya tsage ko rufi ya lalace, ba ya shela. Sai ya sa kwaɗo a ƙofar ajin, ya ce fenti zai yi, ya gyara a ɓoye, ya buɗe. Ya ce in aka yi shela, shugaban makaranta zai ji kunya, iyaye kuma su janye 'ya'yansu, kuma yaron da aka janye ba ya dawowa. Shi ya sa duk unguwa ke ce masa mai son fenti. Mu ma muna dariya, don mun san abin da ke ciki.

Amarya, daina kuka, kina jiƙa takardar. Abin da zan faɗa yanzu ki rubuta shi da manya manya.

Gidauniya tana roƙon gafarar marigayi, yau za ta karya dokarsa. Ajin Farko, na makarantar bayan tasha, ajin da muka fara ginawa da hannunmu, wanda ya sa wa kwaɗo kwanan nan, ba fenti ake yi a ciki ba. Gara ta cinye katakon rufin. Ni na riƙe masa tsani da ya hau dubawa. Yana sama yana tsokanata, wai tsakanina da tsanin bai san wa ya fi rawa ba. Sai ya buga guduma a babban katakon da ke ɗauke da rufin duka, dariyar ta tsaya. Sautin ba na katako ba ne, kamar ka ƙwanƙwasa fankon gwangwani. Ya danna babban yatsansa, yatsan ya shige. Garin katako ya dinga zubo mini a mayafi, ja, mai laushi. Sai ya sauko. Ya kawo gungume ya tokare katakon a tsakiyar ajin, ya ce mini, Inna, wannan itacen kaɗai ke riƙe da shi, kada ki gaya wa kowa sai na kawo sabo. Sabon katakon ya je sayowa jiya.

To ga abin da ya hana ni zama. A wajen gaisuwa na ji malamai, don ƙaunar da suke masa, Allah ya saka musu, sun yanke shawara yau za a tara yara a yi masa addu'a a Ajin Farko, tunda nan aikinsa ya faro. Mukullin bai fito ba, sun ce a yanke kwaɗon. Sun ce ƙananan yara su shiga da wuri su share, su fitar da tarkacen fenti. Har na ji wata malama, da ta leƙa ta taga, tana cewa a cire itacen nan na tsakiya don a samu wurin shimfiɗa tabarmi. Na kama rigar mataimakin shugaban makaranta na gaya masa, amma jama'a ta yi yawa, shi ma idonsa ya kumbura, ya ce Inna baƙin ciki ne, a kai ki gida ki huta. Ban ga laifinsa ba. Mu muka koya musu cewa kwaɗon Baba fenti ne.

Kuma an yi ruwa shekaranjiya, katakon ya sha. Ku leƙa waje ku ga gabas, hadari ya sake haɗuwa, iska ta fara ɗaga labule.

Saboda haka Gidauniyar Benci tana sanar da kowa da kowa: kada a yanke kwaɗon Ajin Farko. In an riga an yanke, kada a shiga. In an shiga, kada a taɓa itacen, a fito da yara a hankali, ba gudu, ba buga ƙofa. Addu'a ko a ƙarƙashin bishiya aka yi, tana isa inda za ta je. Iyaye, kada ku janye 'ya'yanku, sauran azuzuwan shi da kansa ya buga musu guduma, lafiyarsu ƙalau. Mai girma shugaban makaranta, ka yafe mana, ba don mu kunyata ka ba ne.

Gidauniya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidan marigayi, ƙawata, da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan uwansa kafintoci, da yaran makarantu duka. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa duk bencin da ya ƙera ya zame masa inuwa. Allah ya ba iyalinsa juriya da haƙuri. Allah ya sa kukansa shi kaɗai za mu yi a wannan mako.

A ƙasa ki sa: Inna, Uwar Gidauniyar Benci, mai magana da yawunta a yau. Kawo tawada in dangwala yatsa.

Amarya, ke ki kai takardar gidan rediyo. Direba, kai ba can za ka ba, ba gidan shugaban makaranta ba, ba gidan rasuwa ba. Mai gadin makaranta za ka fara gaya wa. Shi aka ba zarto ya yanke kwaɗon, ba shi da waya, kunnensa kuma ya yi nauyi, kuma mutum ne da in an sa shi aiki ba ya jira. Ka kama hannunsa, ka sa baki a kunnensa, ka ce Inna ce ta aiko ka. Shi tukuna. Tashi mana!