Na Ga Wanda Ya Karya Maka Ƙafa

Zuwa ga yayana Bitrus,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga ƙanwarka Talatu, a nan garin Beltsville, ƙasar waje. Shekara shida ke nan da muka binne ka a Jos, ban taɓa rubuta maka ko layi ɗaya ba. Yau ina da labari. Na ga mutumin.

Kulob ɗin 'yan mata da 'yata Rahila take buga wa ƙwallo ne ya aiko wa iyaye takarda, wai sun gayyato tsohon ɗan wasa daga Norway ya horar da yara na mako guda. Ina hutun rana a asibiti na buɗe ta. Sun jero tarihinsa: ya fara a ƙaramin kulob na garinsu, ya zama kyaftin, ya buga wa ƙasarsa, ya yi ritaya ba a taɓa ɗaga masa jan kati ba. Ga hotonsa yana murmushi, kansa ya yi furfura. Abincin da na zo da shi haka na mayar gida.

Ba jan kati, Yaya. To ina za a samu jan kati a filin atisaye, inda babu alƙalin wasa?

Ka tuna ranar tafiyarka Norway buga ƙwallo? Mama ta cika maka gwangwani da dambun nama, kai kuma kana ta dariya kana cewa Turawa za su ƙwace shi a filin jirgi. Duk Lahadi bayan sujada muna taruwa a kan wayar Baba. Kana ba mu labarin sanyi, da rana da ba ta son fitowa. Wata Lahadi ka ce koci ya yi maka alkawarin lamba huɗu a wasa mai zuwa. Lambar wannan mutumin ce.

Kafin wasan ya zo, a wajen atisaye, ya biyo ka ta baya da ƙafa biyu. Ƙwallon ma ta riga ta bar ƙafarka. Gwiwarka ta tarwatse. Kulob ya ce tsautsayi ne, suka sa maka ƙarfe, suka sa ka a jirgi.

Ni kaɗai ka gaya wa sauran, sau ɗaya, ina gasa maka ƙafar da ruwan zafi. Ka ce da kana kwance a ƙasa ya sunkuyo kamar mai ba ka haƙuri, ya ce maka a kunne, “Yanzu sai ka koma gida.”

Shi ya ci gaba da ɗaga kofi. Kai ka zauna a shagon Baba, in an kunna wasa a talabijin sai ka juya kujerarka ta fuskanci titi. Maganin ciwon da kake sha safe da yamma shi ya cinye maka ƙoda. Ni nas ce, ina gani, na kasa hana ka, domin in ba ka sha ba ko tsayuwa ba ka iyawa.

Ranar Asabar suka tara iyaye a bakin fili domin a yi masa tambayoyi. Na sa zanen da na sa ranar jana'izarka. Ya yi ta magana a kan ladabi da mutunta abokin wasa, iyaye suna gyaɗa kai. Na ɗaga hannu. Na ce, ko ya tuna wani ɗan Najeriya da suka nemi lamba huɗu tare?

Sai ya ce, “Peter.” Da sunan da suke kiranka can.

Na ce sunanka Bitrus, kuma ka rasu. Na maimaita masa maganar da ya raɗa maka, kalma bayan kalma, a gaban mutum sama da arba'in. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya ce fili ne yake da santsi, ya ce lokacin yana yaro. Bai ce ƙarya nake yi ba. Kowa ya lura da haka.

Ya biyo ni har inda na ajiye mota, yana ɗingisa kaɗan, ya miƙo mini hannu. Na kalli hannun har ya gaji ya sauke shi.

Fasto ya kira ni jiya a kan gafara. Na saurare shi da ladabi har ya gama, na ce masa, Baba, na ji, amma ba bana ba. Kulob ɗin su Rahila ba su sallame shi ba, sun dai rubuto mini cewa sun fahimci damuwata. Na cire Rahila, wasu iyaye biyu ma sun cire nasu. Mako mai zuwa yana da wani horon a Alexandria, wani gari kusa da mu. Na riga na yi musanyar ranar aiki da wata abokiyar aikina. Zan zauna a layin gaba, zan sake ɗaga hannu. Duk inda aka karanta tarihin nan nasa mai tsabta, in dai mota za ta kai ni, zan ƙara musu abin da aka cire.

Na san da kana nan za ka ce, “Talatu, bar shi mana.” Haka kake cewa ko da yara sun tsinke mana mangwaro. Ka yi haƙuri, Yayana, wannan karon ba zan ji maganarka ba. Kai ka bar shi, kuma ni na wanke ƙafar nan, na san abin da barin ya ci maka.

Ubangiji ya ba ka hutawa a inda babu ciwo, ya mayar maka da gudunka. Shi kuma Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyayyen tunani, kada ya manta da sunanka ko na kwana ɗaya. Amin.

Taka har mu sadu,
Talatu