Ina Suka Kai Fadl

Litinin, 15 Janairu 2024

Shekara talatin da uku ke nan ina tambaya ɗaya, ba wanda ya ga na isa a amsa mini. Ina suka kai gawar ƙanena Fadl? Na tambaya a Bur Sudan, na tambaya a Hartum har takalmi ya cinye. Kowa sai ya ce kawo takarda. Wace takarda, mutumin da aka tsamo daga teku da gajeren wando kaɗai? Don ban yi boko ba ake mini haka. Ajamin nan nawa ba ofishin da ke karanta shi.

Yau 'yata Mahasin ta kunna talabijin, sai ga irin jirgin ruwan da ya tsamo mu, mai ɗauke da jiragen sama a bayansa. Wai yana Bahar Maliya, ana wani yaƙin kuma. Na ce ta kashe. Ta ce, "Yaba, ai ba shi ba ne." Na sani. Kashe dai.

Laraba, 17 Janairu

Sanyin Masar ba shi da kunya. Tun da yaƙi ya koro mu daga Sudan zuwa nan unguwar Hadayek el-Maadi ban ji ɗumi a ƙashina ba.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko bayan raina wani ya karanta. Farkon shekarar casa'in da ɗaya, lokacin yaƙin Kuwait, mun ɗauko tumaki a sambuk, jirgin katako, daga Sawakin za mu Jidda. Mu bakwai. Iska ta taso, inji ya mutu, tumaki suka ruga gefe ɗaya, jirgi ya kife. Ni da Fadl kaɗai muka kai washegari a kan ganga. Jirgi mai saukar ungulu ya zo, wani Bature ya sauko a igiya ya ɗaure mu kamar buhu.

Inda suka sauke mu na zaci tsibiri ne. Ashe jirgin yaƙi ne, irin wanda na gani a talabijin. Mutum dubu biyar a ciki, in ji Isam, wani sojan ruwansu ɗan asalin Sham da aka haɗa ni da shi don yana jin Larabci. Ba mace, ba yaro, ko kyanwa babu. Fadl ya sha ruwa da gas da yawa. Kwana biyu ya yi a asibitinsu, a na ukun ya cika.

Gidan nan namu yana kusa da layin metro, jirgin ƙasa na cikin gari. In ya wuce taga sai ta yi rawa. Haka gadona yake rawa a can in jirgin sama ya tashi a sama da kaina. Har yau in metro ya wuce sai na duba bakin ƙofa. Wani lokaci Fadl yana nan tsaye, wandonsa jiƙe.

Alhamis, 18 Janairu

Mahasin ta sayo nama ta ce in sa mata a saman firij, wajen ƙanƙara. Ban sa ba. Ta san ba na buɗe wurin nan, don me take gwada ni?

Jumma'a, 19 Janairu

Bayan sallar Jumma'a liman ya ce a miƙe a yi salatul ga'ib, sallar gawar da ba ta gabanka, ga waɗanda yaƙi ya ci. Duk mako suna yi. Na ja gefe na zauna kamar kullum. Mu a gidanmu gawa ake sawa a gaba a sallata.

Malam Abdussalam ya same ni wajen takalma. Mutumin Zariya ne, yana karatu mai zurfi a Azhar, har gemunsa ya fara fari a kan littafi. Ya ce, "Baba Ishaƙ, yau ma gwiwar ce?" Na ce gwiwata lafiya lau, mazhabata ce. Ya yi dariya ya ce, "To mazhabar tana shan shayi?" Muka zauna wajen mai shayi. Ban san yadda aka yi ba na ba shi labarin Fadl. Inna Hawwa, mahaifiyarmu, ta hana a yi zaman makoki, wai sai ta san kabari. Ta rasu ba ta sani ba. Na ce masa ƙwace gawar suka yi, ba su ko shawarce ni ba. Haka nake faɗa wa kowa.

Asabar, 20 Janairu

Kwana tara na yi a jirgin nan. Ba na iya zama hannu biyu, sai na nuna wa Isam ina son aiki. Ya kai ni ɗakin wanke-wanke. Faranti na ƙarfe yana shigowa ta taga, ka kankare, ka tura cikin inji, tururi ya daki fuskarka. Ba ya ƙarewa, don ba sa'ar da ba a cin abinci. Wani baƙi ƙato mai kula da wurin yana kirana da wani suna yana buga mini kafaɗa. Ban san me yake nufi ba, amma ba zagi ba ne.

Abin da ban manta ba: mutane suna zaune suna cin abinci, wasu masu jar riga suna turo bama-bamai a kan keke ta tsakaninsu, za a hau da su sama. Ba mai ɗaga kai. Yara ne fa, wasu ko gashin baki ba su yi ba. Jirage su tashi da kaya su dawo wayam, a zuba wa matuƙan abinci, faranti ya zo hannuna. Ina wankewa ina cewa a raina, wannan yau gidan wa ya rusa?

Salla kuwa wahala. Ka tambayi Isam alƙibla ya nuna maka, kafin ka kai raka'a ta biyu jirgi ya juya yana neman iska don jirage su tashi. Ba rana, ba taga. Na yi ta yi dai inda fuskata ta faɗa.

Sau ɗaya Isam ya hau da ni wani baranda can sama, aka toshe mini kunne. Kowa da launin rigarsa, rawaya, kore, shuɗi, ba mai jin wani, da hannu ake magana. Jirgi in zai tashi, tururi ne ke wurga shi kamar majajjawa. In zai sauka, ƙugiyar gindinsa ta kama waya mai kaurin hannuna. Da aka tsagaita, sai na ga ɗaruruwansu sun jeru kafaɗa da kafaɗa, har manyansu, suna tafiya a hankali kai a ƙasa. Na ce me suka yar? Isam ya ce ba komai, ƙusa suke nema ko tsakuwa, kada inji ya haɗiye.

Mutanen da ke jeruwa don ƙusa ɗaya. Su ne suka ɓatar mini da mutum sukutum.

Litinin, 22 Janairu

Abdussalam ya zo har gida. Wai akwai dandali a waya inda tsofaffin ma'aikatan jiragen suke haɗuwa suna tuna baya. Ya tambayi wata da shekara da sunan tafinta, ya rubuta da Turanci ya aika. Na ce ɓata lokaci ne. Mahasin ta ce, "Ma'alesh Malam, yi haƙuri, haka yake, ko Aljanna aka ce ya shiga sai ya tambayi wa ya share."

Alhamis, 25 Janairu

Shiru. Ai na faɗa musu.

Asabar, 27 Janairu

Da la'asar Abdussalam ya hawo bene yana haki, waya a hannu. Wani ya san wani, wanin ya san Isam. Yana da rai. Ya aiko da murya.

Da na sani da na ce Mahasin ta fita. Tana tsaye da tiren shayi aka kunna.

Muryar tsoho ce, Larabcinsa ya yi tsatsa, amma shi ne. Ya ce, "Ya Ishaƙ, mai wankin faranti! Wallahi ban manta ka ba." Ya yi dariya, ya yi tari. Ya ce inda aka binne Fadl bai sani ba. Jirgin da ke kai wasiƙu da marasa lafiya ne ya tafi da shi gaɓa, aka miƙa wa hukumar can, wace gaɓar ma ba zai rantse ba. Sai ya ce, "Sau uku muka tambaye ka, ka tuna? Kai ka zaɓa." Ya ce ranar tafiya da gawar, da na ƙi shiga inda take, shi da wani Musulmi daga ɗakin inji suka wanke shi, suka naɗe shi da zanen gado uku sababbi. "Amma ba mu yi masa salla ba, ya akhi. Mu biyun ba wanda ya iya. Abin yana damuna har yau."

Metro ya wuce. Ban duba ƙofa ba.

Mahasin ta ajiye tire a hankali. "Yaba, ashe sun tambaye ka?" Na ce shayin ya huce. Ta ce, "Habboba ta mutu tana tsine musu." Kakarta take nufi, Inna. Abdussalam ya ce yana da darasi, ya sulale.

Lahadi, 28 Janairu

Ba ta yi mini magana ba. Abinci dai ta ajiye.

Talata, 30 Janairu

To. Ba wanda zai karanta ajami a gidan nan, bari in rubuta.

Sun tambaye ni. Wani babba mai kakin ruwan ƙasa ya zo da Isam, ya cire hularsa. Ya ce gobe da hantsi za a sami tsagaitawa tsakanin tashin jirage. In wanke ɗan'uwana, in yi masa salla yadda addinina ya ce, su jeru su girmama shi, a saukar da shi teku. Za su rubuta mini daidai wurin a takarda. Na ce a'a. Daga teku aka ciro shi, ni in mayar da shi? In je in ce wa Inna na ba kifi ɗanta? Musulmi ƙasa ake sa shi.

Ya ce in gaɓa ce ba za mu tafi tare ba, maganata ba a gama da hukuma ba, gwamnatinmu kuma ba ta shiri da su a lokacin. Yaƙi ake, ba zai iya mini alkawarin komai ba bayan gawa ta bar jirgi. Na ce ƙasa. Washegari ya sake aiko Isam. Ƙasa. Na uku ma haka. Ina ji a raina na yi jarumta, ni kaɗai na tsaya wa mutum dubu biyar.

Ranar da za a tafi da shi Isam ya zo ya ce in zo in yi masa wanka. Muka yi ta sauka matakala. Ya buɗe wata ƙofa mai kauri, sanyi ya fito kamar hayaƙi. Kwalayen daskararrun kaji har rufi. An ware gefe ɗaya da labule, an share, ba zan yi musu ƙarya ba. Na ga tafin ƙafarsa. Fadl da ko a zafin Bur Sudan yake kwana da bargo.

Na juya. Isam yana kira, ya Ishaƙ, ya Ishaƙ. Na hau na koma kan farantina. Ina kankare ƙwai a faranti baƙi suna wanke ɗan'uwana. Bayan kwana biyu aka sauke ni a wani filin jirgi, na tambaya, ba wanda ya san zancen.

Da na isa gida Inna ta riƙe rigata ta ce ina Fadl. Abin da ya fito bakina shi ne sun ƙwace. Da na faɗa sau ɗaya, sai ya zauna.

Amma su ma ai da laifinsu. Wa ke sa mutum wajen kaji? Kuma babba kamar wannan, da ya daka mini tsawa ai da na bi. Me ya sa ya bar wa jahili zaɓi?

Alhamis, 1 Fabrairu

Mahasin ta kawo mini jabana, gahawar garinmu, da citta, yadda nake so. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaba, shekararka nawa a lokacin?" Na ce arba'in ba ɗaya. Ta ce, "Na girme ka yanzu." Ta tashi. Ban san me take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Jumma'a, 2 Fabrairu

Masallaci ya cika yau, ba gefen da mutum zai ja ya zauna. Da liman ya ce salatul ga'ib mutane suka miƙe, ana neman taka ni. Shi ya sa na tashi. Tunda na tashi kuma ba kyau mutum ya tsaya hannu sake a cikin sahu.

Kabbara huɗu. A ta uku na ce Fadl ɗan Hawwa. A fili ya fito ashe, har Bamisiren da ke gefena ya ce amin. Bayan sallama ya riƙe hannuna yana cewa, "Sannu ya Hajji, jiya ya rasu?" Na ce e.

Abdussalam ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Wajen takalma na kama hannunsa na ce, wanda ba a sallata ba, in aka yi masa bayan shekara talatin da uku, ta yi? Ya fara, wai wasu malamai sun ce kaza, wasu kuma sun ce kaza. Na ce Malam, gemunka ya yi fari a Azhar don ka ce mini wasu sun ce?

Na sa shi ya ɗauki muryata ya aika wa Isam. Ban gode masa ba tukuna, na dai ce na ji. Na tambaye shi ko sun rufe wa Fadl ido, ko ruwan da ɗumi.

Kabarin na bar wa Allah, ƙasar duk tasa ce. Amma wannan ba zan bari ba. Sallar ta isa gare shi ko ba ta isa ba? Ya san ni ne na yi? Liman ne, Abdussalam ne, shehunan Azhar ne da rawunansu, ban damu ba. Gobe zan koma, jibi ma zan koma. Wani ya buɗe baki ya ce mini e ko a'a.