Saƙon Kawu a Kaset

Magarya, daren Laraba, watan Azumi, 1976.

Yau dai Kawu ya yarda ya yi magana a kaset. Atamfar Sallah ta ƙare a shagonmu, kuma Alhajin Kano ba ya sakin kaya sai ya ji daga bakinsa.

Na danna masa rediyon. Ya gyara zama, ya gaida Alhaji, ya bi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, yana dakatawa wai a amsa. Har doki ya tambaya. Yana cewa "To, batun atamfa," kaset ya ƙare.

"Kai, Sani, ya ƙoshi ne?"

Na danne dariya, na juya kaset ɗin.

"Ashe yana da baya! Bari in sake gaisuwa."

"Kawu, don Allah atamfa tukuna."

Ya harare ni, amma ya faɗa. Gobe saƙon zai bi motar Kano. Alhamdulillahi.