Sun Binne Wayar Intanet a Cikin Jingarka, Yaya

Assalamu alaikum Yaya Habu. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba karantawa za ka yi ba, ko da kana raye ma sai ka miƙa wa 'yarka Larai ta karanta maka. Amma abin ya tsaya mini a wuya, kuma in ba kai ba ban ga wanda zan faɗa wa ba.

Gida lafiya. Larai ta haihu, namiji, an mayar da sunanka. Inna ƙafa ta matsa mata, amma bakin nan nata yana nan yadda ka bar shi.

Maganar jinga ce ta sa na zauna rubutu. Jingar nan da ka ƙarar da ƙarfinka a kanta, wadda ta tare kogi daga unguwarmu da maƙabartar da kake kwance. Bara ƙaramar hukuma ta ce za ta kawo mana intanet ta waya a ƙarƙashin ƙasa, don kasuwa ta bunƙasa. Wallahi na yi murna. Ka san sana'ata. In ina son tura wa abokan cinikina na Kudu hoton tattasai, sai na hau tudu ina ɗaga waya sama kamar mai neman jinjirin wata. Mota ta cika a kasuwar Hadeja, direba na jira, sabis ya ɗauke. Ni na fara miƙewa a taron 'yan kasuwa na ce a yi.

To ka san inda suka bi da wayar? Hanyar da ta miƙe ta ratsa gonar surukin ciyaman ne. Sai aka karkata. Ɗan kwangila ya zo da rani ya tsaga jingar ta tsakiya, daga wajen tsamiya har bayan maƙabarta, wai nan ƙasa ta fi laushi kuma babu mai cewa gonarsa ce. Suka shimfiɗa wayar, suka tura ƙasa da ƙafa, suka tafi. Ba daɓe, ba komai. Kai da kake sa mu tattake kowane kwandon ƙasa har sai dugaduganmu sun tsage! Yanzu gafiya ta samu gidan da ba ta sha wahalar haƙa ba. Ruwan farko da aka yi, na tura sandata a wurin ta shige har rabi.

Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an kawo makaɗa, an jera kwamfutoci a wani ɗaki mai sabon fenti. Ni da na fara da tallan barkono a faranti har na kai ga motoci na kaina, ba gadon kowa, a layi na uku aka zaunar da ni, bayan 'yan jagaliya. Na haɗiye. Aka nuna wa manyan baƙi intanet na aiki, aka yi tafi. Daga baya direban kansila da bakinsa ya gaya mini da wayarsa ta hannu aka jona. Kwamfutocin ma haya ne, da yamma aka kwashe. Bakin wayar yana nan a nannaɗe a ɗakin, ba a haɗa shi da komai ba, jemagu na kashi a kai. Mutane har yau jingar suke hawa neman sabis, suna tsaye a kan intanet ɗin da aka binne. Wannan wace irin rayuwa ce, Yaya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne allon da suka kafa. An hana haƙa ko zuba ƙasa a wurin, wai kadarar gwamnati ce. Ka ji fa. Gayyar da muke yi duk shekara kafin kogi ya kawo, maza da kwanduna, mata da kunu, ita ce ta zama laifi. Na je sakatariya da kaina. Wani yaro da na girmi ubansa ya bar ni tsaye yana danna waya, sannan ya ce in rubuto a takarda za a kafa kwamiti. Na tambaye shi ko kogin ma zai jira kwamitin. Dattawanmu kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Wannan 'yarsa na gidan kansila, wancan yana jiran taki. Wai kara suke yi. Kara ga mutumin da zai jiƙa ƙasusuwan iyayenka?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk motar da na saya, ta ƙofar gidanka nake fara bi da ita, ko za ka ɗago kai. Sai ka ce Allah Ya sa albarka, ka ci gaba da ɗinkin komarka ta kamun kifi. Haushi yake ba ni. Duk garin nan yabon mutum ɗaya na nema, kuma kai ne.

Ruwa ya fara taɓa gindin tsamiya, ciyawar kachala ta toshe mashigin ruwa, ka san ma'anar wannan. Don haka na sa an yi shela bayan sallar Juma'a: gayya ranar Asabar. Buhuna nawa, tifar yashi tawa, Inna ta ce kunu nata ne ko da a zaune. Ba na son tsinka musu waya, ina son intanet fiye da su. Amma in diga ta same ta, ta same ta. An aiko mini cewa za a turo 'yan sanda. Na ce su zo da wuri, akwai kwandon da ya rage, kuma in za su rubuta sunana su sa Alhaji a gaba.

Fartanyarka na karɓo wurin Larai, na sa mata sabuwar ƙota. Ni zan fara sara. Ka kwanta abinka, Yaya, ruwan nan sai ya bi ta kaina kafin ya iso gare ka.

Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu a Aljanna.

Ƙaninka mai taurin kai,
Alhaji Idi Mai Tattasai