Sunan Pepay a Murfin Akwatina

"Nanay, anya maganin nan bai fara taɓa miki kai ba?" Haka ka tambaye ni ɗazu a gidanka, Efren, bakinka cike da shinkafa. To, ga amsa a rubuce. Ni Perpetua Sumagaysay, tsohuwar malamar tarihi a jami'a, mazauniyar garin Iloilo, da hankalina nake. Hantata ce ta lalace, ba kaina ba. Wannan wasiyyata ce gare ku 'ya'yana biyu, kai da ƙanwarka Luningning.

Na ɗaya. Gida ku raba shi yadda doka ta ce. Ba ta yarda uwa ta hana ɗanta gado ba. Na bincika sosai, Efren. Kason da aka bar mini in ba wanda na so, na ba Pepay, matar da ƙanwarka take zaune da ita tun kafin ka fara furfura. A wurin doka ita ba kowa ba ce. Wannan ba-kowan ce take juya ni a gado, take dama mini kunun shinkafa da citta.

Na biyu. Littafi Mai Tsarki na babanku naka ne. Ka karanta shi duka. Akwai sauran shafuka bayan ayoyin da kake bugawa a jikin riguna.

Na uku. Ka cire hotona daga allon cocinku. Ka ce mini addu'ar marasa lafiya za mu, ka turo ni a keken guragu, sai ga ni a sahun gaba na gangamin yaƙi da dokar auren jinsi, an aza mini kwali a cinya wai "A Ceci Iyali". Rigar da na sa ranar, Pepay ce ta goge ta. Ka yi yaƙinka, ka cika majalisa da lasifika, haƙƙinka ne. Amma fuskata ba ta haya ba ce.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki biro. Ranar zaman makokin babanku, da aka maƙala sunayen iyali a zirin ƙyalle cikin murfin akwatin gawa, Luningning ta sa na Pepay. Kana jin fasto na tafe ka zare shi. Luningning ta ce, "Manong, yayana, mayar da shi." Ka ce, "Inday, ƙanwata, akwatin Tatay ne, ba majalisa ba. Me zan ce wa mutane, suruki ko suruka?" Masu karta a tsakar gida suka kwashe da dariya. Pepay ta ci gaba da zuba musu kofi, har da kai. Na mayar da ƙyallen da hannuna, ina juya baya ka sake cirewa. Tun ranar ƙanwarka ba ta ƙara taka gidanka ba.

Mutanen garin nan murfi suke fara karantawa kafin su dubi fuskar mamaci. Don haka sunayen murfin akwatina na riga na rubuta su, da rubutun nan da rabin garin suka sani a takardun jarrabawarsu. Matarka da jikokina kowa da nasa. Ku ukun kuwa ziri ɗaya ne dogo: Efren, Pepay, Luningning. Tana tsakiya. In ka ga sai ka cire ta, sai ka nemo almakashi, ka yanke kanka daga ƙanwarka a kan gawata, fasto yana kallo.

Luningning, ke ma ban ƙyale ki ba. In ya bar ƙyallen, ki je gidansa ki ci abincinsa, ko da wa'azi aka haɗa.

Ubangiji ya yi muku albarka ku uku, ya ba ka lafiya, Efren, ya ƙara maka kunya. Ku riƙe juna. Ba ku da wasu.

Sauran kwanakina a gidan ƙanwarka zan yi su. Pepay tana waje da mota, ta ƙi shigowa don kada ta ɓata maka falo. Na bar takardar nan kusa da farantinka. Kada ka tashi, zan ja ƙofar da kaina.