Jijiyar da Ta Ƙi Matsuwa

Litinin, 3 ga Maris
Asibiti. Ƙafar hagu: taku ɗari, sai sharaɓa ta ƙulle. Nas ta ɗaura abin awon jini a damtse, ta sake ɗaurawa a idon sawu, ta raba lambar wannan da ta wancan. 1.2. Wai hanyar jini a buɗe take. Shekara talatin na yi ina duba sikelin 'yan kasuwa, don haka na tambayi yaushe aka daidaita na'urar. Ta nuna mini hatimi, watan jiya. "Baba, har nan ma aikin za ka yi mana?" Na gamsu.

Alhamis, 6 ga Maris
Uwar yara tana shafa mini mai ta ce, "Malam, ƙafar nan sanyi kamar gindin randa." Na ce hannunki ba ma'auni ba ne. Ta ce, "To, sannu da boko."

Litinin, 24 ga Maris
Taku arba'in.

Laraba, 9 ga Afrilu
Yatsu biyu sun yi baƙi. Wani likita, sa'an autana, ya auna a babban yatsa, ya sa aka ɗauki hoto. Ya ce ciwon suga ya sandarar da jijiyar kamar bututun ƙarfe. Ba ta matsuwa, sai lambar ta haura, ciki kuwa saura ƙiris ta toshe. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Na sha kama masu jiƙa auduga kafin awo. Ban san ina yawo da ɗaya a cikin wandona ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Uwar yara ba ta ce "ai na faɗa" ba. Da ta faɗa da na huta.

Talata, 22 ga Afrilu
"Yatsun za mu fara cirewa." Fara. Na tambaya, da an gano tun Maris fa? Likitan ya shiga gyara takardu.

Lahadi, 4 ga Mayu
Tela maƙwabcina ya zo dubiya, bayan shekara shida ba ma ga maciji kan magudanar ruwa. Shi ma suga. Yana ta murna an auna idon sawunsa an ce ƙalau. Daga ƙofa zuwa kujera sau biyu ya dafa bango.

Na rubuta masa: "A auna yatsa." Ya ce, "Malam, ashe kana so na?" Na ce takarda ce ta yi mini yawa.

Gobe za su faɗi ko yankan nawa zai tsaya a yatsu ko sai gwiwa. Ba na sa rai. Na dai ce uwar yara ta leƙa da safe, ta ga ko telan ya tafi asibiti.